Littafin Aikin Zauren Gidanmu a Tsohon Garin Ngaundere

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta duk inda aka je da duk abin da aka ce game da zauren gidanmu, saboda magada suna da yawa, wasu a Garwa, wasu a Yawunde, ɗaya kuma tana aure a Njamena, maganar waya kuwa takan sauya kama kafin ta isa kunne na uku. Ruwan ƙarshen watan jiya ya tsaga bangon gabas, wanda yake fuskantar lungu, tun daga kafaɗar ƙofa har kusan ƙasa, kuma daga sama tsagar tana cin yatsu uku. Jinkar ita ma ta kwanta ta gefe guda, ta yi baƙi, har ciyawa ta fara tsirowa a kanta.

Zauren na ƙasa ne, ginin kakan mahaifinmu, wanda fataucin goro ya kawo shi nan daga ƙasar Kano. Goggo, wadda ita ce babba a cikin waɗanda suka rage, ta ce a cikinsa aka ɗaura mata aure tun jirgin ƙasa bai iso Ngaundere ba, wato kafin 1974, kuma ko a lokacin tsohon zaure ake ce masa. Daga ƙofarsa zuwa fadar Lamiɗo, sarkin garin, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa.

Baffa yana so a rushe shi a gina shaguna biyu na bulo da kwano, a riƙa karɓar haya. Hujjarsa ba ta wasa ba ce, domin ya kawo misalin babban masallacin Zariya, ginin ƙarni na 19, wanda wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan bana. Na amsa masa cikin ladabi cewa benen da ya faɗi a Duwala a watan Yuli, da wanda ya faɗi nan garin a makon da na Duwalan ya faɗi, duka da siminti da rodi aka yi su. Ya ce in bar jayayya in je in tambayo hukuma. Na yi murna da wannan umarni, domin a raina na riga na ƙaddara cewa gini irin wannan, a tsohon gari, kusa da fada, doka ba za ta bari a taɓa shi ba, ke nan hukuma za ta raba mana gardama ba tare da na yi wa ƙanen mahaifina musu ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Kafin in taka kowane ofis na ga ya kamata in san ciwon da ke jikin ginin, don haka na ɗauko wani tsohon magini daga cikin 'yan kaɗan da suka rage suna aikin ƙasa. Ya zagaya zauren sau biyu bai ce uffan ba, tsagar ma ko kallo ba ta ishe shi ba. Sai ya durƙusa a gindin bango, inda shekarun baya muka shafa siminti har tsayin gwiwa domin mu kare shi daga feshin ruwa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, muka ji sauti irin na kifaffiyar ƙwarya. Ya zura bakin wuƙa ya ɓamɓaro simintin falle guda, sai ga ƙasa a bayansa jiƙe sharkaf, baƙa, tana warin gindin randa, ga hanyoyin gara sun ratsa ta.

"Ɗana," in ji shi, "ba ruwan sama ne ya ci bangon nan ba, rigar da kuka sa masa ce ta hana shi shan iska."

Bayanin da ya yi shi ne, bangon ƙasa yakan tsotsi danshi daga gindi ya fitar da shi ta fuska idan rana ta fito, siminti kuwa yana toshe wannan hanya, sai danshin ya taru a ciki, gindi ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, bango ya zauna ya tsage. A gari irin namu, inda damina take ɗaukar wata bakwai kuma ruwan shekara yake kaiwa kimanin milimita 1,500, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne dalilin da ya sa mutanen dā ba su yi soro mai shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa irin na Kano a nan ba, suka yi doguwar jinka mai saukowa ƙasa wadda take jefar da ruwa nesa da bango. Ya ƙara nuna mini magudanar lungu da ta cike da shara, da kwanon maƙwabcinmu na arewa wanda bakinsa yake zuba daidai kusurwar da ta fi lalacewa. Kuɗin simintin nan ni na biya daga aljihuna, ina ganin alheri nake yi wa gida, saboda haka ba ni da wanda zan nuna wa yatsa.

Mun auna zauren: zurfinsa daga lungu zuwa cikin gida mita 5 da santimita 40 ne, kaurin bango a gindi santimita 70. Na ɗauki hotuna ta kowace fuska, sannan bisa shawarar magini muka manna siririyar takarda a kan tsagar a wuri uku, domin idan bangon yana ci gaba da motsi takardar za ta yage ta gaya mana.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Da hantsi Baffa ya kai ni gaban jauro, wato mai unguwa, muka riƙa goro a hannu kamar yadda aka saba. Dokar 1977 ta kasa sarautun gargajiya na Kamaru daraja uku, wanda a nan Arewa yakan zo daidai da Lamiɗo da lawan da jauro, kuma ta mai da su mataimakan hukuma. Jauro ya faɗa mana tun farko cewa shi ba ya ba da takardar izinin gini, amma duk takardar da muka samo, idan maƙwabta ba su yarda ba, a gabansa rigimar za ta ƙare. Sharuɗɗan unguwa da ya tuna mana babu ɗaya da ke rubuce: kada gini ya yi tsawon da za a leƙa tsakar gidan wani daga kansa, kada ruwan rufinmu ya zuba a gidan maƙwabci, kuma kada a jibge ƙasa ko yashi a lungu ranar Juma'a, domin ta nan jama'a suke bi zuwa masallacin fada.

Bayan an sauko daga salla, algaita da kakaki sun raka Lamiɗo cikin gida, jauro ya haɗa mu da wani dattijo daga cikin 'yan fada, wanda ya shigar da mu muka ga zaurukan fada da ginshiƙansu masu zane da dogayen jinkokinsu. Fadar nan ta samo asali ne tun zamanin Arɗo Njobdi a shekarun 1830, a ƙasar Mbum, waɗanda da harshensu aka sa wa garin suna, dutsen cibiya, kuma hannunsu yana nan a salon ginin da rufin. Dattijon ya ce, a matsayin ra'ayinsa ba umarnin kowa ba, zai ji daɗi idan zaurenmu ya tsaya, domin irinsa sun kusa ƙarewa a kewayen. Baffa ya yi godiya, amma a hanyar gida ya ce mini jin daɗin dattijo ba ya biyan kuɗin makarantar marayu. Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Laraba, 25 ga Oktoba

Yau na je ofishin ma'aikatar fasaha da al'adu na yankin Adamawa, inda nake sa ran samo hanin da zan kai wa Baffa. Jami'ar da ta karɓe ni ta dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta yi tambayoyi masu kyau, sannan ta buɗe mini doka mai lamba 2013/003 ta ranar 18 ga Afrilu, 2013, wadda ita ce take kula da kayan tarihi da al'adu a ƙasar nan. Abin da na fahimta shi ne, tsufa kaɗai ba ya sa gini ƙarƙashin kariya. Sai an shigar da shi cikin ƙidayar kayan tarihi, sannan hukuma ta ayyana shi a rubuce a matsayin abin kiyayewa, daga nan ne ake hana mai shi sauya shi ko rushe shi ba da izinin ma'aikatar ba. Zaurenmu bai bi ta ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba.

Na kawo mata misalin Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, inda aka shata iyaka aka ɗora ƙa'idojin gini a kan gidajen da ke ciki, da kuma fadar Rai Buba da Kamaru ta sa cikin jerin wuraren da take neman a amince da su tun 2006. Ta ce duk gaskiya ne, amma babu wata takarda irin wannan da ta ambaci gidanmu, saboda haka abin da take da shi shawara ce, ba umarni ba. Shawarar kuwa ita ce mu riƙe siffar ginin yadda take, mu gyara ƙasa da ƙasa, kada mu jefar da tsohon ƙyaure ko da ya ci gara, kuma in zauna da Goggo in rubuta duk abin da ta tuna game da zauren. Ta nemi in bar mata kwafin hotunan da awon, na bar mata.

Na fito gwiwa a sanyaye. Sandar da na zo aro ba ta samu ba, kuma da daddare da Baffa ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya cewa ofishin al'adu ba zai hana shi ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na je sashen tsara gari na ma'aikatar magajin gari da niyyar in tambayo wa Baffa takardun shagunansa, tunda na ɗauka maganar ta ƙare. A nan ne al'amarin ya juya ta inda ban zata ba.

Dokar da ake aiki da ita ita ce mai lamba 2004/003 ta ranar 21 ga Afrilu, 2004, kuma ta bambanta izini iri-iri. Akwai cikakken izinin gini, wanda ake nema ga kowane sabon gini, haka kuma ga aikin da za a yi wa tsohon gini idan zai sauya amfanin da ake yi da shi, ko kamanninsa na waje, ko girmansa, ko kuwa za a ɗora masa bene. Mai neman wannan izini sai ya kawo shaidar mallakar fili, wato abin da kowa a nan yake kira titir fonsiye, da takardar da ke bayyana abin da tsarin gari ya yarda a yi a wurin, da zanen da ya fito daga hannun mai zanen gine-gine da ke cikin rajistar ƙungiyarsu ta ƙasa, da ƙiyasin kuɗin aikin. Kuɗin izinin kashi ɗaya ne cikin ɗari na darajar ginin. Akwai kuma izinin kafawa, mai sauƙi, wanda ake bayarwa ga ƙananan gine-gine da waɗanda ke kan filin da ba a yi wa rajista ba, amma shi ba ya zama shaidar mallaka. Na uku shi ne izinin rushewa, wanda ake buƙata ko da ɓangaren gini kawai za a sauke.

Gidanmu, kamar gidaje da yawa a tsohon gari, ba shi da titir fonsiye, abin da muke da shi shi ne shaidar unguwa da daɗewar zama. Ke nan shagunan Baffa, waɗanda sabon gini ne kuma sauya amfani ne, ba za su sami cikakken izini ba sai an fara yi wa filin rajista. Daga nan jami'in ya warware taswirar unguwa a kan tebur, ya danne kusurwowinta da kofin shayi da ƙusar takardu, ya bi lungunmu da bakin alƙalami, ya nuna mini cewa gaban zauren ya shiga cikin layin da aka shata wa hanya. Tsohon gini da aka tarar ana barinsa inda yake muddin yana tsaye, amma ranar da aka kwantar da shi, abin da zai maye gurbinsa sai ya ja da baya zuwa layin. Da muka yi lissafi da awon da na zo da shi, kimanin mita 2 za su tafi, abin da zai rage kuwa bayan an cire kaurin bango da kyar zai ɗauki keken ɗinki da kujerar mai jira.

Na tambaye shi, to idan gyara kawai za mu yi fa? Ya ce yaɓe da sake jinka kula da gida ne, ba sa neman takarda, amma sauke bangon da ke bakin hanya da sake tayar da shi yana so a rubuto, kuma za su duba shi a ƙarƙashin izinin rushe ɓangare da izinin kafawa, da sharaɗin bango ya koma kan sawunsa, tsawo da faɗi da kamanni kada su sauya.

Kafin in koma gida na biya ta ofishin filaye. Dokar filaye ta ranar 6 ga Yuli, 1974 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun ba wanda yake zaune a fili ko yake amfani da shi tun kafin 5 ga Agusta, 1974 damar neman rajista kai tsaye. Kwamiti ne yake zuwa, sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, yana shugabanta, da masu awon fili, da sarkin wurin da dattawa biyu, su ga da idonsu alamar cewa zaman ya daɗe. A duk gidanmu, bayan gyare-gyaren da aka yi ta yi da bulo, zauren nan ne kaɗai ginin da ya girmi wannan rana.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

An yi taron gida a gindin mangwaro, na nesa kuma aka sa su ta waya. Na karanta abin da na rubuta ranar Litinin ba ƙari ba ragi. Baffa ya sa na maimaita maganar mita biyun, ya tashi da kansa ya auna da taku daga bakin lungu, ya dawo ya zauna. Goggo ce ta yi magana bayan shiru ya yi tsawo.

"Auta, yanzu kai shaidarka za ka binne tun ba a kira shari'a ba?"

"Yaya, ni ba ƙin zauren nake yi ba, tsoron ranar da zai faɗo kan yara nake yi."

A kan haka aka tsaya: za a gyara zauren a bana, a fara neman rajistar fili, idan takarda ta fito a gina ɗakunan haya biyu ta ciki, a gurbin tsohon madafi, inda layin hanya bai shafa ba. Gardamar da ta fi tsawo ta rufi ce. Baffa ya nemi a sa kwano saboda gobara, kuma ban ga laifinsa ba, domin duk wanda ya taɓa ganin jinka tana ci da wuta a cikin hunturu ba ya mantawa. Sai dai kwano sauya kamanni ne, zai mai da mu layin cikakken izini, kuma bakinsa gajere ne, ba zai kare bango daga ruwa yadda jinka take yi ba. An daidaita a kan cewa za a cire wayar lantarki da ke ratsa tsaiko a bi da ita ta cikin bututu a jikin bango, kuma mai suyar ƙosai da ke hura wuta a gindin zauren da safe za a roƙe ta ta matsa zuwa bakin masallacin unguwa. An wakilta ni in sa hannu a madadin magada.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Mai jinka ya aiko cewa idan muka jira takarda, wutar daji za ta riga mu zuwa ga shuci. Na sayi dammunan da ya ƙiyasta daga ƙauyukan hanyar Maiganga tun izini bai fito ba, aka jera su a kan gadon itace a bayan gida, nesa da madafi. Kasada ce, na sani, amma ciyawa ba ta san kwanakin ofis ba.

Litinin, 11 ga Disamba

An dawo mini da dosiye, wato takardun neman izinin da na shigar, kuma laifin nawa ne. Takardar wakilci ba ta ɗauke da sa hannun 'yar'uwarmu ta Njamena, domin na ɗauka amincewar da ta yi ta waya ta wadatar, sannan zanen da na yi da hannuna ba shi da ma'auni kuma bai nuna arewa ba. Na ba wani matashi mai zane ya sake shi yadda ya kamata, da hoton bangon ta gaba da yankansa ta gefe. Takardar wakilcin kuma na damƙa ta ga wani direba da ke bin hanyar Kusiri. Ranar 20 ga wata nake sa ran mayar da komai, da tambur ɗinsa, wato kan sarki.

Talata, 9 ga Janairu, 2024

Jami'ai biyu sun zo duba wuri da safe, hazo ya rufe dutsen Ngaundere har ba a ganin cibiyar. Sun auna faɗin lungu da tsawon bango, sun gwada da zane, sun kafa turaku biyu a kusurwowin gaba domin bangon da za a tayar kada ya ci ko tafin hannu daga hanya. Na nuna musu takardun da muka manna a kan tsaga: ta sama ta yage tun Oktoba, wadda na sake mannawa a Nuwamba kuwa tana nan lafiya, alamar bangon ya daina motsi tun da ƙasa ta bushe.

Ana cikin haka maƙwabcinmu na arewa ya fito ya ce idan jinkar ta sauko yadda zane ya nuna, ɗigarta za ta faɗa jikin katangarsa. Jami'an suka ce wannan a fara kai shi gaban jauro, su rubuce suke so su ga an daidaita. Da la'asar muka zauna. Magini ya nuna cewa kwanon shi maƙwabcin ne ma yake zubo mana ruwa shekara da shekaru, na ga fuskar mutumin ta sauya, na ji tsoron kada magana ta ɓaci, amma jauro ya bi da ita a hankali har aka tsaya cewa shi zai sa wa kwanonsa indararo mai kai ruwa magudana, mu kuma mu rage bakin jinka ta wajensa da taƙi guda, yashe magudanar kuwa a raba kuɗinsa biyu. An rubuta, kowa ya sa hannu, jauro ya buga hatimi.

Laraba, 24 ga Janairu

Izini ya fito, na rushe ɓangare da na kafawa, na biya kashi ɗaya cikin ɗari bisa ƙiyasin da aka amince da shi, na karɓi rasit. An rubuta lambar izinin a allo an kafa a bakin lungu. Na aika wa jami'ar ofishin al'adu kwafi ko da yake ba ta nema ba.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Mako guda ke nan da fara aiki. An sauke tsohuwar jinka, an tokare sauran bangaye, sannan aka sauke bangon gabas da hannu daga sama zuwa ƙasa, ba a tura shi ba. Ƙasarsa ba a zubar ba: an farfasa ta a tsakar gida, an haɗa da sabuwar jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, an jiƙa, samari suna tattakawa da safe, a rufe a bar ta ta kwana ta ruɓa, kwanaki ana yi kafin magini ya murza ta a tafin hannu ya ce ta nuna. Abu ɗaya da muka sauya shi ne harsashi, wanda aka yi da dutse har ya ɗago sama da ƙasar lungu, kuma wannan yana cikin zanen da aka amince da shi tunda yaɓe zai rufe shi. Ana ɗora ƙasa sahu-sahu, kowane sahu sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Iskar hunturu tana busar da fuskar da sauri fiye da ciki, don haka ake rufe sabon sahu da zana da rana. Duk simintin gindin sauran bangaye uku an ɓamɓare shi. Ranar Alhamis da yamma mun kwashe komai daga lungu saboda Juma'a.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Wani yaron magini yana kankare tsohon yaɓe a ciki, sama da ƙofar da ke shiga gida, sai wani falle ya faɗo, aka ga zane a ƙarƙashinsa. Magini ya tsayar da aiki nan take. Da aka bi da tsintsiyar laushi sai ga dagi mai tudu, faɗinsa ya kai kamu guda, da saura-sauran ja da fari da baƙi a cikin lungunansa. Na kira jami'ar ofishin al'adu, ta zo washegari da safe da kyamara da ma'auni, ta ce kada a sa masa fenti, kada kuma a cike inda ya guntule da sabon zane na ƙirƙira, a dai ƙarfafa gefunansa da ƙasa mai laushi a bar shi yadda aka same shi.

Da aka kira Baffa ya tsaya a gabansa ya daɗe, sannan ya ce ya san shi, yana yaro a ƙarƙashinsa malaminsu yake zama da allo, kuma bai san shekarar da aka rufe shi ba domin yana Garwa a lokacin. Tun ranar, shi yake riga magini zuwa wurin aiki, kuma shi ya hana a jingina tsani a wannan bango.

Asabar, 9 ga Maris

An yi gayyar ɗora tsaiko yau domin a gama aikin ƙarfi kafin azumi. Samarin unguwa sun fi ashirin, maƙwabcin arewa ma ya turo 'ya'yansa biyu. Tsofaffin itatuwan da gara ba ta ci ba an mayar da su, sauran an sauya, aka ɗaure da gora da igiya. Mai jinka ya fara shimfiɗa shuci daga ƙasa yana hawa, kowane sahu yana rufe ɗaurin na ƙasa da shi, yana bugun bakin da katako domin ya daidaita. Jauro ya zo da kansa, ya sa aka zuba ruwan buta daga sama ta wajen arewa, ya tsaya ya ga inda ɗigar ta sauka, ta faɗa cikin magudana, ya ce madalla ya tafi. Tsohon ƙyauren an yi masa sabuwar ƙafa an mayar da shi mazauninsa.

Talata, 26 ga Maris

Kotu ta ba da hukuncin gado da ke lissafa magada, wanda sai da shi ake karɓar neman rajista da sunan gida. Na shigar da dosiyen filin a ofishin sufurefe, na haɗa da hotunan zauren kafin gyara da bayansa, da labarin Goggo da na rubuta shafi huɗu. Abin da ya rage shi ne a sa ranar zuwan kwamiti da kafa duwatsun iyaka, bayan haka a buga sanarwa a jira ko akwai mai ja. Ɗakunan Baffa suna jiran wannan.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Salla ranar Laraba, baƙi sun zauna a zauren an gaisa. Daren jiya aka yi ruwa mai ƙarfi na farko tun da aka rufe shi. Na ɗauki tocila na shiga na zauna a kan buzu ina haska tsaiko sahu-sahu har ruwan ya tsagaita. Wuri ɗaya ne ya yi yoyo, can ƙololuwa ta wajen yamma, ɗigo yana sauka kamu biyu daga bangon dagi, na sa kwano a wurin. Da gari ya waye na duba gindin bangon gabas na same shi a bushe, magudana kuma ta kwashe ruwan har bakin titi. Mai jinka ya ce zai zo ranar Litinin ya sake ɗaure kan. Magini yana so a yi yaɓen waje na biyu da makuba cikin makon nan kafin ruwa ya zauna, kuma sai an gama shi zan rubuta wa sashen tsara gari cewa aiki ya kammala, su zo su cire turakunsu.